Yadda ake saita Larabci, Ajami da Ibrananci su zauna daidai cikin manhajar katalog ta laburare

Akwai wata rana da rani, irin zafin nan na Sakkwato da fanka ke hura maka iska kamar daga bakin murhu, na tarar da yaron da anka turo mana bautar ƙasa ya duƙufa gaban kwamfuta tun safe yana gyaran rikod ɗin littattafan Larabci, wato bayanan kowane littafi da ke cikin katalog. Na leƙa sai na ga shekarun Shehu Usmanu, 1754-1817, ya goge ya sake rubutawa 1817-1754. Nic ce mai, ƙanena mi kake yi haka? Yac ce, Malam ai juyewa sunka yi a shafin masu karatu, shi ne nike juya su nan don su fito daidai can. Kuma ba shekarun kaɗai ba, duk wani ɗigo na ƙarshen jimla ya ɗauke shi ya kai farkon layi. Ga ido komai ya yi kyau, amma abin da ke ajiye cikin rikod ɗin ya lalace, wanda ya duba sai ya ɗauka an haifi Shehu 1817. Kwana biyu munka yi muna warware aikin yini guda.

Ban ga laifin yaron ba don ni ma na taɓa yin haka. Shi ya sa kafin a taɓa kowane maɓalli sai an gane abu ɗaya: kwamfuta na ajiye haruffa ne bi da bi yadda ka buga su, harafin farko shi ne na farko ko Larabci ne ko boko, babu ruwan ma'ajiyar da dama ko hagu. Sai an zo nunawa a sikirin sannan wata ƙa'ida ta Unicode (tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta), wadda ake ce ma bidi, ta jera su. Ƙa'idar ta raba haruffa gida gida. Akwai masu ƙarfi, su ne baƙaƙen Larabci da Ibrananci da ke ja daga dama, da na boko da ke ja daga hagu. Akwai masu rauni, su ne lambobi. Sannan akwai 'yan ba-ruwanmu, irin su sarari tsakanin kalmomi, da baka, da mafi yawan alamomin tsayawa, waɗanda ke bin duk wanda ya kewaye su, in kuma sunka faɗo tsakanin Larabci da boko ko a ƙarshen layi sai su bi alƙiblar layin gaba ɗaya. Kusan duk rigimar da za ka gani a katalog daga waɗannan 'yan ba-ruwanmu da lambobi take fitowa. To rikod na MARC kuwa, wato tsarin da laburarori ke rubuta bayanan littafi cikin filaye masu lamba, cike yake da su, ga ɗigo biyu, ga karan tsaye mai karkata kafin sunan mawallafi, ga alamar dala da harafin boko gaban kowane ɗan fili. Tun shekarun 1960 da Henriette Avram ta tsara MARC a Laburaren Majalisar Amurka, boko ne a gabansu.

Zan yi misali da manhajar katalog ta Koha tunda ita ce kyauta kuma ita nafi gani a laburarorinmu, da MarcEdit na Terry Reese da ake gyaran rikod da yawa lokaci guda da shi. Wanda ke aiki da OCLC Connexion ko wata manhaja, hikimar ɗaya ce, wurin maɓallin ne ya bambanta.

Mataki na farko, duba da wane tsarin haruffa anka ajiye rikod ɗin

Buɗe rikod ka kalli layin nan na can sama da ake ce ma lida, filin 000. Ƙirga daga sifili, gurbi na 09. In ka ga harafin a to rikod ɗin Unicode ne, lafiya lau. In gurbin fanko ne to MARC-8 ne, tsohon tsari, kuma galibi za ka ga fili 066 yana faɗin irin haruffan da ke ciki. Koha da Unicode take aiki, saboda haka duk fayil na MARC-8 a juya shi zuwa UTF-8, wato Unicode, da MarcEdit kafin a loda, ko a faɗa ma Koha gaskiyar tsarin fayil ɗin wurin lodawa. Haka in kana jawo rikod ta Z39.50, hanyar kwaso rikod daga sabar wasu laburarori, shiga saitin sabar ka tabbata tsarin haruffan da anka zaɓa ya dace da abin da sabar ke aikowa. In ka ga alamun tambaya jere ko wasu haruffan boko masu ƙahoni a inda Larabci ya kamata ya fito, wannan ba matsalar dama da hagu ba ce, nan ne ta faru, kuma babu dabarar da za ta gyara shi a gaba sai an sake jawowa.

Mu nan wanga mataki ya fi muhimmanci gare mu bisa laburaren Masar ko Saudiyya, saboda Ajami. MARC-8 ya san Larabci da ƙarin baƙaƙen Farisanci da Urdu, amma wasu baƙaƙen da muke buƙata daga baya anka shigar da su Unicode, babu su can. Duk wanda ya fitar da rikod ɗin Ajami zuwa MARC-8 to ya shirya ganin wasu baƙaƙe sun koma lambobi ko sun ɓace.

Mataki na biyu, kibod da salon haruffa

A Windows shiga saitin harshe ka ƙara Larabci, kibod ɗin da ake ce ma Arabic 101 ya isa. In akwai littattafan Ibrananci a ƙara shi ma. Ana sauyawa da maɓallin Windows tare da na sarari, ko Alt da Shift. Waƙafin Larabci ، yana kan Shift da K, waƙafi mai ɗigo ؛ yana kan Shift da P. Yi amfani da su cikin filin Larabci maimakon na boko, ko banza sun fi kyan gani. Ibrananci shi da waƙafin boko yake aiki. Ga wani abu da ke rikita sabon hannu: baka tana juya fuska da kanta cikin rubutun dama, wato abin da kwamfuta ta sani shi ne wagga mai buɗewa ce wagga mai rufewa ce, ita ke zaɓen inda za ta fuskanta. Don haka in ka ga baka ta ba rubutu baya kada ka yi saurin musanya ta, duba alƙiblar layin tukun.

Na Ajami kuwa akwai kibod ɗin Ajamin Hausa a manhajar kibod ta Keyman. Salon haruffa kuma, ga Larabci zalla Amiri ko Scheherazade New ko Noto Naskh Arabic duk suna yi. Ga Ajami nemi Harmattan ko Alkalami, duka na ƙungiyar SIL ne kuma kyauta, Alkalami ma irin rubutun Kano ne mai kaurin nan da muka saba gani a Alƙur'ani bugun Warshu. In ka ga ƙananan akwatuna fanko a maimakon baƙi, rikod ɗinka lafiyarsa ƙalau, salon haruffan ne bai san baƙin ba.

A nan bari in ɗan tsaya kan fa'un da ƙaf, don sun sha ba mu wuya. A rubutunmu na allo, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas fa'un ne mai ɗigo ɗaya a sama. To mai katalog da ya tashi da karatun allo in ya ga ƙaf ɗinmu a takarda ya nemi mai kama da shi a kibod ɗin Larabci sai ya buga ف wanda a wurin kwamfuta fa'un ne. Unicode na da namu daban, U+06A2 da U+06A7, sannan a 2016 anka ƙara na Afirka U+08BB da U+08BC da nunun U+08BD. Ra'ayina shi ne in littafin Larabci ne, ko da da hannun Magaribi anka rubuta shi, a buga sunansa da baƙaƙen Larabci na kowa da kowa don mai nema ya same shi. A bar baƙaƙen nan na musamman ga Ajamin Hausa da Fulfulde, tare da su tsa mai ɗigo uku U+069F da ɗigon imala U+065C. Kuma laburare ya zauna ya yanke shawara ɗaya a rubuta a liƙa a bango, kada wanga ya yi nasa wancan ya yi nasa.

Mataki na uku, ina za a zuba Larabcin

MARC 21 ya ba da hanya biyu. Ta ɗaya, a rubuta sunan littafi da boko a fili 245, sannan a rubuta shi da asalin rubutunsa a fili 880, a ɗaure su da juna. Ita ce Laburaren Majalisar Amurka da mafi yawan rikod ɗin da za ka jawo suke bi. Ta biyu, a zuba Larabcin kai tsaye cikin 245 ba tare da 880 ba, kamar yadda laburarori da yawa na ƙasashen Larabawa ke yi.

Gaskiya malamin da ya taso daga Hubbare ko Gidaɗawa ya zo neman littafi ba ruwansa da wani Infāq mai sanda a ka, Larabcin yake so ya gani. Amma ɗalibin tarihi na jami'ar Danfodiyo da ya gamu da sunan cikin littafin Turanci da boko zai nema. Tunda muna da duka biyun, ni hanyar farko nake bi duk da ta fi cin lokaci. Ga yadda ake ɗaurin, da littafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a matsayin misali:

245 10 $6 880-01 $a Infāq al-maysūr fī tārīkh bilād al-Takrūr

880 10 $6 245-01/(3/r $a إنفاق الميسور في تاريخ بلاد التكرور

Ɗan filin $6 shi ne igiyar. A 245 yana cewa abokina na 880, lamba 01. A 880 yana cewa abokina 245 ne, lamba 01, dole lambar ta zo ɗaya. In ka yi na mawallafi, fili 100, sai ka ba shi 02, na maɗaba'a 264 ya ɗauki 03, haka dai, ba a maimaita lamba cikin rikod guda. Abin da ya biyo baya shi ne maganarmu. Wannan (3 na nufin rubutun Larabci, in Ibrananci ne sai a sa (2. Ajami ma (3 ne tunda rubutun ake nufi ba harshen ba. Sai r ɗin ƙarshe, shi ke cewa filin nan daga dama ake karanta shi. In kana da bayanin da Larabci kaɗai ka rubuta ba shi da abokin boko, sa mai lamba 00, kamar 500-00/(3/r.

A Koha sau da yawa za ka buɗe fom ɗin katalog ka nemi $6 da 880 ka rasa, a ɓoye suke. Sai mai izinin admin ya shiga wurin tsara fom ɗin MARC ya bayyanar da su, $6 a 100 da 245 da 246 da 250 da 264 da 490 da 500 da 700, sannan 880 da 'yan filayensa. A kula, ɗan filin da fom ɗin bai san da shi ba yana iya salwanta in ka buɗe rikod ka adana, saboda haka a yi wanga gyara kafin a fara taɓa rikod ɗin da anka jawo daga waje.

Wani ƙaramin abu da ake mantuwa: lamba ta biyu ta gaban 245, mai faɗin haruffa nawa za a tsallake wurin jera suna. In sunan ya fara da al- a boko haruffa 3 ne har da karan, amma a 880 alif da lam 2 ne kawai. A Ibrananci ha- na boko 3 ne, a 880 baƙi 1. Kada a kwafe lambar ido rufe.

Sannan harshe. A 008 gurbi 35 zuwa 37, ara ga Larabci, heb ga Ibrananci, hau ga Hausa, ful ga Fulfulde. Waƙar Hausa da anka rubuta da Ajami hau ce ba ara ba, na sha ganin an sa mata ara don kawai baƙaƙen sun yi kama. A fili 546 sai a bayyana cewa Hausa ce cikin rubutun Ajami. In takarda ta haɗa Larabci da fassarar Hausa ko Fulfulde, kamar yadda ake samu da yawa cikin rubuce-rubucen malaman jihadi, a cika 041, filin jera harsuna.

Mataki na huɗu, juya akwatin da kake rubutu ciki

Yanzu ka zo bugawa. Akwatin Koha daga hagu yake farawa, to in ka buga Larabci ka kai ƙarshe ka sa ɗigo, sai ka ga ɗigon ya yi tsalle ya koma gefen dama, wato gaban kalmar farko. Ba komai ya jawo ba, ɗigon na ƙarshen layi ba wani baƙin Larabci bayansa, sai ya bi alƙiblar akwatin. A ma'ajiya yana nan ƙarshe inda ka sa shi. Abin yi shi ne a juya akwatin. A Windows danna Ctrl tare da Shift na hannun dama, akwatin ya koma dama, Ctrl da Shift na hagu ya dawo da shi. A Firefox akwai Ctrl da Shift da X. Nan take za ka ga ɗigon ya koma mazauninsa ba ka goge komai ba. A Connexion kuma danna filin da maɓallin dama na linzami, zaɓin karantawa daga dama yana nan ciki.

In kun gaji da dannawa kowane lokaci, admin ya shiga saitin Koha ya nemi IntranetUserJS ya liƙa wannan:

$(document).ready(function(){ $(".input_marceditor").attr("dir","auto"); });

Ma'anar auto ita ce kowane akwati ya duba baƙi mai ƙarfi na farko da ke cikinsa ya bi shi, in Larabci ne ya koma dama, in boko ne ya tsaya hagu. Ba ya taɓa abin da ke ajiye ko kaɗan. Inda yake kuskure shi ne sunan Larabci da ya fara da kalmar boko, nan sai ka juya da hannu.

A MarcEdit abin ya fi muni ga ido don duk filin a layi ɗaya yake, $a da $b da $c na tsakiyar Larabci, kowane harafin boko na yanke jimla yana jan nasa. Za ka ga kamar $c ya riga $a. Kada ka yarda da ido nan. In kana shakka ɗora kan linzami farkon layi ka riƙe Shift kana danna kibiya harafi harafi ka ga yadda zaɓin ke tafiya, ko ka loda rikod ɗin Koha inda kowane ɗan fili ke da akwatinsa.

Mataki na biyar, lambobi da shekaru

Mu koma kan yaronmu. Abin da ya faru shi ne, a akwatin $d, ɗan filin shekarun mawallafi, shekarun su kaɗai ne, ko kuma a MarcEdit harafin d na boko ne ke gabansu, sai su fito 1754-1817 yadda ya saba. A shafin masu karatu kuwa an cire $d, shekarun sun biyo bayan baƙin Larabci kai tsaye, to ƙa'idar bidi ta ce lambar da ta biyo baƙin Larabci a ɗauke ta lambar Larabci, karan da ke tsakani kuma ba ya haɗa lambobin Larabci biyu su zama abu ɗaya. Sai 1754 ya zauna dama, 1817 ya zauna hagu. Wanda ya karanto daga dama, 1754 zai fara tararwa, wato daidai ne, ba abin da ya lalace. Idon da ya saba da boko ne ya ga kamar an juya.

Abin mamaki a Ibrananci ba haka ba ne. Baƙin Ibrananci ba ya canza ma lamba hali, sai karan ya haɗa su su fito 1754 a hagu 1817 a dama. Rubutu biyu duka daga dama, amma shekaru na fita daban. Kowace lamba ita kanta kuma, ko 1817 ko ١٨١٧, daga hagu ake jera ta a duka biyun.

To mi za a yi? Ni barinsu nake yi, a buga shekarar haihuwa, kara, shekarar rasuwa, shi ke nan. In shugabanku ya dage sai sun fito irin na boko, akwai halastacciyar hanya: a sa wani ɓoyayyen harafi mai suna LRM, lambarsa U+200E, dab da gaban shekarar farko. Ba ya fitowa a sikirin, aikinsa kawai ya ce nan akwai boko. Ɗan'uwansa RLM, U+200F, shi kuma cewa yake nan akwai rubutun dama, shi ake sawa bayan ɗigo ko bakar ƙarshe in ba ka da ikon juya shafin da za a nuna rubutun. Hanyar samunsu mafi sauƙi, buɗe Notepad, danna maɓallin dama na linzami, zaɓi Insert Unicode control character, ka kwafo. A wurin kuma akwai zaɓin da ke bayyanar da su, don in ka zargi wani fili kwafo shi ka liƙa nan ka ga abin da ke ɓoye.

Akwai wasu da anka ƙara a Unicode 6.3 cikin 2013, U+2066 zuwa U+2069, masu killace guntun rubutu, suna da amfani in sunan kamfani na boko ko adireshin intanet ya faɗo tsakiyar jimlar Larabci. Sai dai tsofaffin manhajoji ba duka sunka san su ba. Su kuwa LRO da RLO, masu tilasta ma kowane harafi bin hanya ɗaya, a nisance su cikin katalog.

Gishiri ne dai waɗannan haruffa, kaɗan ake sawa. Kada a sa su cikin ISBN ko lambar kira, wato lambar mazaunin littafi a kanta, kada a sa cikin sunan mawallafin da ke ɗaure da rikod ɗin sunaye, don kwamfuta na ƙirga su, suna biyu da ido ke gani iri ɗaya sai ta raba su gida biyu.

Mataki na shida, shafin masu karatu

Koha in za ta nuna 880 tana duba haruffa biyu na ƙarshen $6. In ta ga /r sai ta juya layin dama ta ba shi aji mai suna m880. Wannan ya taɓa cinye mani yini guda: rikod biyu, $6 ɗinsu iri ɗaya sak ga ido, ɗaya ya fito dama ɗaya ya ƙi. Hajiyar da muke aiki tare ta ce Malam ko dai sarari ne ya maƙale a ƙarshe? Na kwafa zuwa Notepad na bayyanar da ɓoyayyun haruffa, ashe RLM ne zaune bayan r ɗin, da shi rikod ɗin ya zo daga inda munka jawo shi. Ina goge shi layin ya koma dama. Tun ranar duk fayil ɗin da za mu loda sai na bi $6 ɗinsa da nema-da-sauyawa na MarcEdit na share sarari da ɓoyayyun haruffan ƙarshe.

Don rubutun ya fito da girma, tunda Larabci kan yi ƙanana kusa da boko, a saitin Koha mai suna OPACUserCSS a sa:

.m880 { font-family: "Harmattan", "Amiri", serif; font-size: 1.3em; }

Amma wannan sai in salon na kan na'urar mai karatu, kuma yawancin ɗalibanmu da waya suke shiga. Sai a jawo salon daga Google Fonts cikin shafin, ko mafi kyau a ɗora fayil ɗinsa kan sabar laburaren, ko ba intanet na waje masu shiga ta cikin gida za su gani. Waɗanda sunka zaɓi zuba Larabci kai tsaye a 245 su ba su da /r da zai taimake su, sai su sa unicode-bidi: plaintext ga ajin da ke ɗauke da suna da bayanai, yana aiki kamar auto ɗin can.

Mataki na bakwai, gwada nema

Kyan gani daban, samuwa daban. Ɗauki kalma ɗaya daga sunan, buga ta da hannunka a akwatin nema, ba kwafowa ba. In ba ta fito ba, kuma Koha ɗinku da injin nema mai suna Zebra take nema, a tambayi mai kula da saba ko an kunna ICU, saitin da ke sa ta fahimci Unicode, in ba shi Zebra ba ta iya rubutun da ba boko ba da kyau, kuma bayan kunnawa sai an sake gina fihirisa gaba ɗaya. Masu ɗayan injin neman, Elasticsearch, sun huta da wannan.

In saitin lafiya yake amma rikod guda ya ƙi fitowa, to galibi daga PDF anka kwafo sunan. PDF da yawa na ba da baƙaƙe cikin siffarsu ta farko ko tsakiya ko ƙarshe, masu lambobi daga U+FE70 zuwa sama, wani lokaci ma a jere baibai. Ga ido Larabci ne, ga injin nema wani abu ne daban. Magani a sake bugawa da hannu. Haka ya'un da kaf na Farisanci, U+06CC da U+06A9, suna shigowa in an kwafo daga wasu shafuka, tsakiyar kalma ba ka bambanta su da na Larabci. Kada kuma a ja baƙi da tatwil, karan nan mai tsawaita baƙi, don ado. Wasulla a sunan Larabci a bar su, masu nema ba sa buga su. Ajami ne ban yarda a cire mai wasali ba don ba ya karantuwa in babu, sai dai a ƙara fili 246, na wani nau'in sunan littafi, da sunan ba wasali, da 880 ɗinsa, ga kuma bokon a 245, ta ko'ina mutum ya biyo ya samu.

Na ƙarshe, buga takarda da fitar da rahoto. Lakabin da ake liƙawa a ƙashin bayan littafi a bar shi da boko da lambobi, don masu haɗa PDF na lakabi sukan fitar da baƙaƙen Larabci a rarrabe kuma daga hagu, Ibrananci da ba a haɗa baƙaƙensa shi ma yakan fito baibai. In dole sai Larabci ya fito, fitar da jerin a CSV, buɗe shi a LibreOffice ko Excel ka zaɓi UTF-8 wurin shigarwa, ka buga daga can. A fara da takarda ɗaya a miƙa ma wanda ya iya karatun ya duba kafin a saki firinta kan sitika ɗari biyar.